Na'ura Ba Ta San Dala Ba

Shekara tara ke nan ina gabatar da shirin safe a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Maraɗi. A cikin waɗannan shekaru an yabe ni, an zage ni kai tsaye jama'a na ji, an yi mini kuka, an kashe mini waya ina tsakiyar magana. Amma ba a taɓa barina na rasa abin cewa ba sai wata ranar Laraba da wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta bugo.

Ta ce, "Ɗiyata, ke ce ko?"

Na ce, "Ni ce, Inna, muna saurarenki."

Ta ce, "To muryarki ce ta gaya mini a salula an aiko mini da ɗari biyar. Na tura jikana ya amso, ya kawo mini ɗari. Na ce ina sauran jaka biyu, ya yi ta rantsuwa, ban yarda ba, na sa ubansa ya doke shi. Sai jiya aka ce mini wai ɗari biyar ɗin taku ta lissafin boko ce. Yanzu ke ki gaya mini, wa zai ba yaron nan haƙuri?"

Ga wanda bai san lissafinmu na Nijar ba, mu da dala muke ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Abin da aka rubuta 100 a jikinsa, dala ashirin muke ce masa. Na 500 shi ne ɗari. Na 1,000 shi ne jaka. Saboda haka idan ka ce wa ƴar kasuwa ɗari biyar, 2,500 ka faɗa mata. Yaron da ke tallan goro a tasha ya san wannan. Manhajar da aka kashe kuɗi aka yi don mutanen nan ita ce ba ta sani ba.

Kuma gaskiyar Inna, muryata ce. Watanni kafin ranar, wani kamfani na aika kuɗi ya ɗauke ni in karanta saƙonnin da manhajarsu za ta riƙa faɗa wa waɗanda ba su iya karatu ba. Da na ga takardar na ce wa saurayin da ke jagorancin aikin, ɗan'uwa, ba haka ake ƙirga kuɗi a nan ba. Ya ce kada in damu, an gwada da masu amfani. Na tambaye shi su wa, a wace kasuwa. Ya juyo mini da kwamfutarsa yana murmushi, ya nuna mini wata "mata" mai shekara 52, mai sayar da kayan miya, mai ƴaƴa shida, wadda ƙirƙirarriyar basira ta ƙago masa. Ya yi mata tambayoyi, ta amsa da Faransanci mai kyau, ta ce komai ya yi daidai. Na yi dariya, na karɓi kuɗina, na karanta. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Amma akwai laifin da ya fi nawa girma, shi ne nake so mu tattauna.

Kowace manhaja da ke cikin wayarka, akwai mutanen da suka yanke shawarar yadda za ka same ta: ina maɓalli zai zauna, me za a fara nuna maka, wace kalma za a yi amfani da ita, me zai faru idan ka yi kuskure. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, a taƙaice ana ce mata UX. Ba'amurken nan Don Norman ne ya yaɗa sunan bayan ya shiga kamfanin Apple a 1993. Tun a 1988 ya rubuta littafi a kan kayan amfanin yau da kullum, inda ya kafa hujja da ƙofa: idan mutane suna ta tura ƙofar da ja ake yi, to laifin wanda ya ƙera ƙofar ne. A kamfanin da ya san abin da yake yi, aikin ya kasu. Akwai mai bincike, wanda ke zuwa ya zauna da mutane ya ga yadda suke rayuwa. Akwai mai tsarawa, wanda ke zana fuskokin manhajar. Akwai manajan haja, wanda ke yanke abin da za a yi da abin da za a bari. Sannan akwai injiniya mai ginawa.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, wannan rabon aiki ya fara rushewa. Yau mutum ɗaya zai rubuta layi biyu, na'ura ta zana masa fuskoki goma, ta rubuta kalmomin da za a sa, ta fassara su, ta gina abin da za a iya dannawa, duk kafin shayi ya huce. A Fabrairu 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana sabon salon gina manhaja inda kake faɗa wa na'ura abin da kake so, ka karɓi abin da ta ba ka ba tare da ka karanta ba. A Afrilun shekarar, shugaban kamfanin Shopify na Kanada, Tobi Lütke, ya gaya wa ma'aikatansa cewa duk sashen da ke neman ƙarin mutane sai ya fara nuna dalilin da ya sa na'ura ba za ta iya aikin ba. A watan dai, Duolingo, masu manhajar koyon harsuna, suka ce za su riƙa rage ƴan kwangila a ayyukan da na'ura za ta iya. Manaja ya koma yana zane, mai zane ya koma yana gini, injiniya ya koma yana rubuta saƙonni. Kujeru huɗu suna komawa ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a fasa kwamfutoci. Ni kaina ina amfani da waɗannan kayan wajen rubuta hirarrakin da na naɗa da Faransanci, aikin da a da yake cin mini dare guda. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Abin da nake faɗa da shi ƙarya ɗaya ce da ake sayar wa masu kamfanoni: wai tunda zane ya yi araha, to sanin mutane ma ya yi araha. A cikin kujerun nan huɗu, wadda aka fi saurin ɗagewa ita ce ta mai bincike, domin shi ne aikinsa ba ya sauri, shi ne ke buƙatar kuɗin mota da na masauki, kuma shi ne ke dawowa da labarin da shugaba ba ya son ji. Alhali kuwa shi kaɗai ne aikinsa na'ura ba ta ko kama hanyar yi ba.

Ku duba abin da ya faru da Figma, manhajar da galibin masu tsarawa a duniya ke aiki da ita. A Yuni 2024 suka ƙaddamar da wani sashe da zai zana maka manhaja daga bayanin da ka rubuta. Ba a yi mako biyu ba suka dakatar da shi, saboda an gano idan ka ce ya zana manhajar yanayi sai ya riƙa fito da abin da ya yi kama da ta Apple ƙwarai. Shugaban kamfanin, Dylan Field, ya fito ya ɗauki laifin. Darasin a fili yake: abin da aka ɗura wa na'ura shi take amayarwa. To me aka ɗura mata? Miliyoyin fuskokin manhajoji da aka yi wa mutumin da ya iya karatu, mai babbar waya tasa shi kaɗai, mai intanet da ba ta yankewa, mai katin banki, mai adireshin gida da lamba. Idan ka ce mata ta zana wa "mai amfani", wannan mutumin take zana wa.

Mai amfanin da na sani daban ne. Wayarsa gilashinta ya tsage, kuma a tsakar rana yake dubawa, inda rubutu mai launin toka a kan fari ba ya ganuwa. Wayar ta gida ce, uwa da ɗa da ƙanen miji duk ita suke amfani da ita, don haka saƙon sirri ba sirri ba ne. Mega yake ƙirgawa kamar yadda ake ƙirga hatsi a watan bazara, hoto mai motsi ɗaya zai iya cinye masa na yini. Sunan mutum ba ya karantawa, lambobi biyu na ƙarshen lambar waya yake haddacewa. Idan ya ji tsoron danna wani abu, miƙa wa yaron shago yake yi tare da lambar sirrinsa. Ba a rubuta waɗannan abubuwa a intanet da yawan da na'ura za ta koye su ba, domin masu yin su ba su rubutu a intanet. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambaye shi ba.

Wannan ya kawo ni kan matar nan ta cikin kwamfuta. Abin har ya zama kasuwa, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su sayar maka da mutanen bogi ka yi musu tambayoyi. A makarantar koyon aikin jarida, abu na farko da aka cusa mana shi ne kada ka sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. Da a ce yau zan zauna a ɗakin watsa shiri in ƙago masu kira, in sauya murya in ce ni manomi ne daga Tasawa, in yabi shirina, gobe za a kore ni, kuma daidai ne. Me ya sa abin da yake zamba a rediyo ya zama ci gaba a kamfanin fasaha? Mutumin bogi ba ya gajiya, ba ya jin kunya, ba ya tsoron a ce masa jahili, jikansa ba ya shan duka. Mafi muni, ba ya ba ka mamaki. Abin da kake tsammani shi yake faɗa maka, cikin ladabi. Wanda ya yi hira da shi, da madubi ya yi hira.

Duk abin da ya karɓu a nahiyar nan kuwa, mamaki ne ya haife shi. M-Pesa ta Kenya, da aka ƙaddamar a 2007, tun farko an tsara ta ne don masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. A lokacin gwaji sai aka lura mutane suna tura wa junansu kuɗi da ita, wasu suna ajiye kuɗi a ciki idan za su yi tafiya. Masu aikin suka bi mutane, suka sauya manufar gaba ɗaya zuwa aika kuɗi gida. Nokia 1100 da ta fito a 2003, wadda aka sayar da fiye da miliyan 200, wa zai manta da tocilarta? Wani ne ya san akwai garuruwan da dare ke yi babu wuta. Tecno ta kama kasuwanninmu da waya mai layi biyu da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, domin an zo an ga mutum yana yawo da layuka a aljihu, an ga hotonsa yana fita duhu. Ba wanda ya zauna a ofis ya tambayi na'ura ta ba shi waɗannan. Gani ya kori ji.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa. Na farko: ke ƴar rediyo, me kika sani a kan manhaja? Ban iya gina ko ɗaya ba. Amma sana'ata ita ce magana da mutumin da ba na gani, wanda ba zai iya cewa in maimaita ba, wanda hannunsa ke kan aiki kunnensa ke wajena. Idan na faɗi lambar waya sau ɗaya da sauri, na san ba wanda ya kama. Idan na ce "kashi 30 cikin ɗari", na san sai na ƙara da cewa cikin buhu goma, uku. Masu kira ne suka koya mini wannan, da gyaran da suke mini kullum. Abin da mai tsara manhaja ke yi ke nan, kayan aikinmu ne kawai suka bambanta.

Na biyu, kuma wannan ta fi ƙarfi: mu a nan dama can ba mu da masu binciken da za a kora, ƙananan kamfanoninmu ba su da kuɗin ɗaukar mutum huɗu, yanzu kuwa yaro ɗaya a fada zai iya gina abin da a da sai an kai Dakar ko Legas. Gaskiya ne, kuma ina murna da shi. Amma ku lura da abin da wannan hujja ke nufi. Idan na'ura ta rage maka aikin wata uku ya koma mako ɗaya, to ka samu makonni goma sha ɗaya. Ina ka kai su? Kasuwa tana bayan ofishinka. Kuɗin kabu-kabu ne tsakaninka da ita. Jakob Nielsen, abokin aikin Norman, ya daɗe yana nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yana fito da mafi yawan matsalolin manhaja, ya rubuta haka tun a 2000. Saurayin da ya nuna mini matar bogi ba talauci ne ya hana shi fita ba. Na'ura ce ta ba shi uzurin zama, ta kuma sa masa jin cewa ya yi bincike.

Na uku: ki yi haƙuri, na'urar za ta koyi Hausa. Za ta koya, tana ma koyo. Amma kuskuren da ya ja wa yaron nan duka ba kuskuren harshe ba ne. "Ɗari biyar" Hausa ce tsantsa, kowane malami zai ba ta maki cikakke, kuma a Kano daidai take. A Maraɗi ne ta zama ƙarya, tafiyar sa'o'i kaɗan tsakani. A 2025 hukumomin ƙasarmu sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka za mu ga manhajoji da yawa suna rige-rigen yin Hausa. Ina tsoron Hausar da za su yi: mai kyan nahawu, wadda ba ta taɓa cinikin tumatir ba.

Su ma masu sana'ar ba zan wanke su ba. Da yawansu, a can ƙasashen da aka fi biyansu, sun shekara suna mayar da aikinsu zaɓen launi da lanƙwasa kusurwar maɓalli, suna kwafar juna har manhajoji suka zama kamar ƴaƴan gida ɗaya. Wasu sun sayar da basirarsu wajen ɓoye maɓallin fita da sa mutum ya yarda da abin da bai karanta ba. Wanda ya mayar da kansa injin zane, kada ya yi mamaki idan injin gaske ya zo ya karɓe masa kujera. Mai tsarawar da zai tsira shi ne wanda takalminsa ke ƙura.

Saura maganar alhaki, wadda ita ce ainihin aikin manajan haja, ko da yake ba a cika faɗa ba. Shi ne mutumin da zai ce a'a, wannan ba za ta fita ba, kuma shi ne zai tsaya idan ta ɓaci. A Fabrairu 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja, bayan na'urar hira ta shafinsu ta ba shi bayanin ƙarya a kan rangwamen da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Kamfanin ya nemi ya zame, kamar dai na'urar ce ke da alhakin bakinta. Kotu ta ƙi. Klarna ta Suwidin kuwa, wadda a 2024 ta yi alfaharin cewa na'urarta na yin aikin ma'aikata 700 masu amsa koken jama'a, a 2025 shugabanta ya amsa cewa bin araha ya rage ingancin aiki, suka koma neman mutane. Can akwai kotu, akwai jaridu, akwai masu hannun jari. Inna mai ƙuli-ƙuli wace kotu za ta je? Lambar gidan rediyo kawai ta haddace.

Akwai kuma abin da ba a lissafawa. Ni da ɗaukar rakoda na fara, ina bin manya kasuwa da asibiti, ina yanke kaset ɗin wasu, ina rubuta sanarwar ɗaurin aure. A cikin wannan ƙaramin aiki na koyi babban. Ƙananan ayyukan da sabon mai tsarawa ke koyo da su, su ne na'ura ta fara cinyewa. Kamfanin da ya daina ɗaukar yara yau, bayan shekara goma a ina zai samo gwanin da zai dubi aikin na'ura ya ce wannan kuskure ne?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da tsada. Duk wanda zai fitar da manhaja don mutanenmu, ya sa ta a hannun mutum biyar na gaske, a wayarsu, a inda suke sana'a, ya rufe bakinsa ya kalla. Duk kalmar da ta shafi kuɗi, magani ko gona, mutumin garin ya ji ta da kunnensa kafin a sake ta. A kowane aiki a samu mutum mai suna da lambar waya wanda zai amsa idan an cuci wani. Masu ba da kuɗin tallafi, su daina tambayar wace basira aka saka a ciki, su tambayi kwana nawa aka yi a kasuwa. Mu kuma masu murya, ƴan rediyo da masu fassara da mawaƙa, da mu ake sayen amincewar jama'a, mu daina ba da aron bakinmu a makance. Ni dai yanzu duk takardar da aka kawo mini, sai na kai ta wurin mata masu awo na karanta musu, na tambaye su me suka ji. Wanda bai yarda da wannan sharaɗi ba, ya nemi muryar na'ura, ga su nan birjik.

Kamfanin ya gyara saƙon bayan mako uku, yanzu yana faɗin kuɗin da dala. Ba su kira ni ba, ba su kira ta ba. Ni na nemi gidan da kaina ranar wata Asabar, na durƙusa na gaida Inna, na ce a kira mini yaron. Shekararsa ba ta wuce goma sha biyu ba. Na ce masa ni ce mai muryar, kuma shi ne mai gaskiya. Bai ce komai ba, ya dubi kakarsa. Ita ce ta share ido da gefen zane ta ce, "To ka ji, ɗan nan. Ka yafe mini."

Da zan tafi ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. Na ce nawa ne, Inna. Ta ce dala arba'in. Na ba ta 200, ba wanda ya yi wa wani bayani.